Bayan an sako shi daga tsare

Jama'a, assalamu alaikum. A nan Bauchi da wuya ka zaga unguwa ba ka ji labarin wani matashi da ya bi ta Agadas ya nufi Libiya ko Turai ba. Wasu sun ƙare a gidajen tsare baƙin haure, irin na Tajura kusa da Tarabulus, inda harin jirgin sama ya kashe aƙalla mutum 53 a Yulin 2019. Wasu sun tsallake teku sun nemi mafaka, aka kulle su ana jiran hukunci. A Ingila ma doka ba ta yanke iyakar kwanakin tsarewar ba, mutum ya kwana ya tashi bai san ranar fitarsa ba.

Ranar da aka sako irin wannan matashi, gida sai murna. To daga nan ne ya kamata a sa ido.

Barci ya ƙaurace masa. An buga ƙofa da ƙarfi, ya zabura yana gumi. Wanda ke can waje yana zaman jiran takarda, cikin fargabar a sake kama shi. Wanda aka dawo da shi gida kuwa ya dawo hannu Rabbana, ga gonar da aka sayar don tafiyarsa, ga habaicin majalisa. Likitoci sun san wannan: firgici ne da ciwon damuwa, kuma tsawon tsarewa yana ƙara musu nauyi. Mu kuma sai mu ce aljanu ne, ko ya fara shaye-shaye.

Idan kika ji ɗanki ya ce "gara in mutu in huta", Inna, kada ki ce masa ya yi shiru. Zauna ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kunya da tsoron hukuma ke sa mutane ɓoyewa, don har yanzu dokar Penal Code ta Arewa tana hukunta yunƙurin kashe kai, abin da ni dai nake ganin ya kamata a gyara.

A yi addu'a, a kuma je asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke nan Bauchi yana da likitocin ƙwaƙwalwa, haka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kafin a kai shi, a kwashe maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakinsa, kuma wani ya kwana tare da shi.