Yadda ƙwayar namoniya ke bijire wa magani

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Sau da yawa majiyyaci kan ce jikinsa ya saba da magani, shi ya sa ya daina yi masa aiki. Jiki bai saba da komai ba, ƙwayar cutar ce ta sauya. Wadda za mu duba yau ita ce Streptococcus pneumoniae, ja-gaba cikin bakteriyar da ke haddasa namoniya. Tana zaune a hanci da maƙogwaron mutane da dama, musamman yara, ba tare da sun yi ko tari ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Fenisilin yana kashe ta ne ta hanyar kama wasu sunadarai da take gina bangon jikinta da su. Idan ginin ya tsaya, sai ta fashe. Wasu bakteriyar suna fitar da sinadarin da ke lalata fenisilin, amma ita ba haka take yi ba. Sauya siffar sunadaran take yi, kamar mai gida ya canza kwaɗo, makullin jiya ya ƙi shiga da kyau. Shi ya sa ƙara sinadarin kilabulanik, mai hana wancan sinadarin lalata magani, a kan amoksisilin, ɗan gidan fenisilin, ba ya ƙara komai a kanta. Abin da likita kan yi shi ne ƙara yawan maganin.

To, ina take samo sabuwar siffar? Nan ne abin mamakin. Tana iya tsintar guntayen DNA daga matattun ƙwayoyin da ke kewaye da ita, ta liƙa a nata. A baki da maƙogwaro akwai 'yan'uwanta irin su Streptococcus mitis, kuma daga wurinsu ta kwaso guntayen da suka ba ta juriya. Wannan hali nata Frederick Griffith ya gano a 1928, shekarar da Alexander Fleming ya gano fenisilin, kuma da wannan ƙwayar ce Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna a 1944 cewa DNA ke ɗauke da gado.

A 1967 aka ba da rahoton mai jure fenisilin a Ostireliya. A 1977 kuma aka samu masu jure magunguna da yawa lokaci guda a Afirka ta Kudu. Idan aka koma ga magunguna irin su azitromaisin, wasu ƙwayoyin na sauya wurin da maganin ke kamawa, wasu na tunkuɗo shi waje.

Yanzu ku tuna da yaron nan mai ƙwayar a hanci. Ya yi mura, wadda bairos ke kawowa, aka ɗura masa maganin kashe bakteriya. Murar ko a jikinta. Amma raunanan ƙwayoyin hancinsa sun mutu, masu juriya sun samu fili, gobe ya yi atishawa ya ba ƙaninsa. A ganina wannan ya fi komai ɓarna, domin babu wanda ya amfana.

Rigakafi ya taimaka ƙwarai. Bayan an fara allurar rigakafin wannan ƙwayar, mai suna PCV7, a Amurka a 2000, cututtukan da masu juriya ke kawowa sun ragu. Sai dai nau'i 7 kawai ta rufe cikin sama da 90, sai nau'in 19A, wanda shi ma ke jure magani, ya cike gurbin. Dole aka faɗaɗa allurar zuwa nau'i 13 a 2010.