Inda Labari Ke Gudu da Inda Yake Jan Ƙafa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, an nemi in yi magana a kan zubi da tsarin labari, kuma na yi alkawarin abubuwa uku, sai dai waɗanda suka san ni sun san alkawarina da agogo ba su cika jituwa ba.

Na farko shi ne wurin da marubuci ya zaɓa ya buɗe labarinsa. Ku duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya ta haifar. Mun tarar da shi babban malami a tsakiyar almajiransa, sannan ya koma baya yana ba su tarihinsa, saboda haka tun daga farko mun san bauta da hamada ba su ci shi ba. Ba ma tambayar ko zai tsira, sai dai mu tambayi yadda ya tsira da abin da ya rasa a hanya.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne jinkiri. Kowa a ɗakin nan ya fara koyon wannan darasi a kan tabarmar kakarsa, tun kafin ya ji kalmar adabi. Idan tsohuwa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", aka amsa mata, za ka ji ta haɗiye shekara bakwai da kalmomi biyu kacal, wato "kwanci tashi", yarinyar da aka haifa ɗazu har ta isa aure. Amma bari Dodo ya biyo yarinyar nan daga rafi. Tsakanin bakin rafi da ƙofar gida, tafiyar da ba ta fi ta ɗebo ruwa ba, sai tsohuwa ta shimfiɗa ta: yarinya ta yi waƙa a ƙofar uwa ba a buɗe ba, ta yi a ƙofar uba ba a buɗe ba, ta sake rera ta kalma da kalma a ƙofa ta uku, muryar tsohuwa tana ƙara yin ƙasa, ƙananan cikinmu suna ƙara matsowa jikinta. Mun haddace waƙar, mun san abin da za ta ce, amma da ta tsallake ko baiti ɗaya da mun yi mata bore. Na ga wasu a baya suna dariya, da alama an taɓa ba su tsoro.

Abin da nake so ku riƙe, zan maimaita shi, tsawon wuri a cikin labari ba ya bin tsawon lokacin da abin ya ɗauka, yana bin nauyinsa a zuciyar mai sauraro. Abubakar Imam ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a kan wannan dabara, domin aikin aku shi ne ya riƙe Musa ɗan Sarki da labari bayan labari, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Jinkirin da kansa ya zama ƙashin bayan littafin.

Na huɗu, au, na uku ke nan ko? Shi ne inda za a yanke, kuma marubutan Kano da suka riƙa raba littafi zuwa na ɗaya da na biyu da na uku sun ƙware a kansa, don haka ba zan ɓata muku lokaci ba.

Na'am, malama, ɗaga murya kaɗan. Tana tambaya ko littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp har su haura shafi ɗari su ma jinkiri suke yi. Ƙanwata, akwai jinkiri, akwai jan rai. A ƙofa ta uku Dodo ya fi kusa da yarinya fiye da yadda yake a ta farko, wato kowane maimaici ya matsar da wani abu. Ki ɗauki littafin da kike karantawa yanzu, ki tsallake shafi goma daga tsakiya, waɗanda ake lissafa kayan lefe da kalar labulen falo, ki ci gaba. Idan ba ki ɓace ba, to marubuciyar ce ta ɓace. Wane littafi ne? A'a, kada ki faɗi sunansa, ana naɗar murya.