Tsiron Ƙanƙara da Yadda Yake Sarrafa Gishiri a Gabar Teku

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da haɗuwa. Tsiron da za mu tattauna a kansa yau ƙarami ne, ba ya miƙewa sama, shimfiɗuwa yake yi a ƙasa kamar tabarma, kuma galibi rayuwarsa ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu. Sunansa na kimiyya Mesembryanthemum crystallinum, wanda Carl Linnaeus ya raɗa masa a shekarar 1753, ana kuma ce masa tsiron ƙanƙara saboda 'yan ƙulle-ƙulle masu ƙyalli da suka lulluɓe ganyensa da karansa. Ɗan dangin Aizoaceae ne, dangin da ke da nau'o'i kusan 1,800, mafi yawansu a busassun yankunan kudancin Afirka.

Ina so ku riƙe gishiri a zuciyarku, domin da shi za mu fahimci jikin wannan tsiro, da shi kuma za mu fahimci yaɗuwarsa. Yawancin tsirrai idan saiwarsu ta shiga ƙasa mai gishiri sai su yi yaushi, saboda gishirin yana hana su jan ruwa ko da ƙasar tana da danshi. Shi kuwa wannan tsiro shan gishirin yake yi da gangan. Waɗannan ƙulle-ƙulle da na ambata, kowanne ƙwayar halitta ce guda ɗaya ta fatar ganye wadda ta kumbura ta cika da ruwa, kuma a cikinsu yake ajiye ruwa da wani kaso na gishirin da ya sha, nesa da sassan da ke haɗa masa abinci. Da yake ruwan jikinsa ya fi na ƙasa kaurin gishiri, sai ya ci gaba da jan ruwa a inda maƙwabtansa suka kasa.

Abin da ya fi jawo masa hankalin masana shi ne sauya hanyar haɗa abinci. Yana ƙarami, a lokacin sanyi da ruwan sama, yana buɗe ƙofofin numfashin ganyensa da rana kamar sauran tsirrai, ya yi saurin girma. Da zarar fari ya kawo jiki ko gishiri ya yi yawa, sai ya koma buɗe su da dare, lokacin da iska ta yi sanyi kuma asarar ruwa ta ragu. Iskar kabon da ya shaƙa cikin dare yakan mayar da ita asid ya adana, idan gari ya waye ya rufe ƙofofin, ya warware asid ɗin a cikin ganye, ya yi aiki da shi a hasken rana. Shi ya sa ganyensa ya fi tsami da asuba fiye da yamma. Wannan hanya ita ake kira CAM, kuma abarba ma da ita take rayuwa, sai dai shi wannan tsiro yana tafiya da hanyoyin biyu, yana barin ɗaya ya kama ɗaya gwargwadon hali. Klaus Winter da Dieter von Willert ne suka bayyana hakan a 1972, tun daga nan kuma ya zama tsiron gwaji ga masu binciken juriyar fari da gishiri. A ganina wannan shi ne babban darajarsa, musamman yanzu da gishiri ke cinye gonakin ban ruwa a sassa da dama na duniya.

Furensa fari ne, wani lokaci da ɗan ja-ja, da rana yake buɗewa. Kwanson irinsa yana zama a rufe muddin yana bushe, sai ruwan sama ya jiƙa shi sannan ya buɗe, ta yadda iri ba ya zuba sai lokacin da zai iya tsira.

Mu koma ga inda ake samun sa. Yana nan a gabar yammacin Afirka ta Kudu da Namibiya, yana nan a arewacin Afirka, da Sinai, da kudancin Turai, da tsibiran Kanari. Daga baya ya bi mutane ya isa Kalifoniya, da Baja Kalifoniya ta Meziko, da kudancin Ostareliya. Idan kun lura, yawancin waɗannan wurare yanayinsu ɗaya ne, wato ruwa a lokacin sanyi, dogon rani mai zafi, ga kuma iskar teku mai ɗauke da gishiri. A Lanzarote da Fuerteventura, biyu daga cikin tsibiran Kanari, har noma shi aka yi a ƙarni na 18 da na 19, ana ƙona shi ana sayar da tokar, wadda ke ɗauke da sinadarin soda, ga masu yin sabulu da gilashi a Turai, kafin sodar masana'antu ta kashe wannan kasuwa. A shekarun yunwa mutanen tsibiran sun riƙa gasa irinsa suna niƙa shi gari.

A Kalifoniya kuwa ba a yi murna da zuwansa ba, kuma dalilin shi ne gishirin nan dai. Tsiron yakan tara gishiri tsawon rayuwarsa, idan ya mutu ya bushe, hazo da ruwan sama su wanko gishirin zuwa saman ƙasa, daidai inda irin sauran tsirrai ke jiran tsira. Nancy Vivrette da Cornelius Muller sun nuna wannan a binciken da suka wallafa a 1977 kan filayen ciyawa na gabar tekun jihar. Irin ciyawar wurin ba ya jure wannan gishiri, nasa irin kuwa yana tsira da zarar ruwa ya ɗan rage kaifinsa, saboda haka kowace shekara filinsa ƙara faɗi yake yi. Ya fi samun shiga a inda kiwo ko gini ya riga ya tone ƙasa. Masu ƙoƙarin dawo da tsirran asali a tsibiran da ke gabar Kalifoniya suna fama da abu biyu bayan sun tuge shi, gishirin da ya bari a ƙasa da kuma irinsa da ke kwance a cikinta shekara da shekaru, don haka wajibi ne a kwashe abin da aka tuge a fitar da shi daga filin, kuma a yi hakan kafin ya zubar da iri.