Fodkas: Sankarar mama da ta maƙoƙo, me gwaji ke faɗa kafin magani?

Sista: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga birnin Kano. Dakta, tambayar 'yan uwan majinyaciya ba ta wuce ɗaya: za ta tashi kuwa?

Dakta: Rai na hannun Allah, Sista, amma akwai abin da muke dubawa. A sankarar mama: girman ƙarin, ko ya kai kaluluwar hammata, ko ya tsallaka ƙashi, huhu ko hanta. Sai gwajin ER, PR da HER2, wato sinadaran da ake nema a jikin tsokar ƙarin, wanda mutanenmu suka fi tsallakewa saboda kuɗi, alhali shi ke zaɓar magani.

Malam: Kuma shi ya fi saurin lalacewa. Tsokar da aka ciro dole ta shiga fomalin, ruwan adana tsoka, mai ƙarfin kashi 10 cikin awa guda, ruwan ya ninka tsokar sau goma, ta jiƙa tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka ƙulle ta a leda, ɗan uwa ya hau adaidaita sahu da ita a zafin Afrilu, sinadaran da muke nema sun lalace. Sai sakamako ya ce babu ER, nan kuwa akwai.

Sista: Sai a hana baiwar Allah tamosifen, maganin masu ER, ke nan.

Dakta: Ƙwarai. Ƙwaya ɗaya ce, miligiram 20 kullum, mai araha. Binciken ATLAS ya nuna shanta shekara 10 ya fi shekara 5 hana ciwon dawowa. Mai HER2 kuma akwai allurar Herceptin, wadda Amurka ta amince da ita a 1998. Duk mako uku ake yi har shekara, ana hoton zuciya duk wata uku domin tana iya raunana ta.

Sista: Wadda ba ta da ko ɗaya cikin ER, PR da HER2 fa?

Dakta: Wannan nau'in ya fi zafi, kuma ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, shi ne jigonsa, bai son jinkiri.

Malam: Abin lura, bincike yanzu ragin magani yake nema. Binciken TAILORx na 2018 ya auna ƙwayoyin gado 21, ya nuna mata da yawa masu ER, waɗanda ciwon bai kai hammata ba, ba su buƙatar kemo. Sai dai gwajin akwai tsada.

Sista: Mu koma wuya. Duk maƙoƙo daji ne?

Dakta: A'a, mafi yawa ba daji ba ne. Hoto da zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura ke rarrabewa. Wanda ya zama daji, kusan 8 cikin 10 nau'in fafilari ne, kuma sama da kashi 90 na masu shi suna raye bayan shekara 10. Wani asibiti mai suna Kuma a Japan ma, tun 1993, yana ba da zaɓin sa ido kawai maimakon tiyata ga ƙarin fafilari mai ƙaramin haɗari da bai wuce santimita 1 ba. Nau'in anafilastik ne mugun, amma da wuya a gan shi.

Malam: Wani bincike a Faransa kuma ya nuna a 2022 cewa masu ƙaramin haɗari ba lallai su sha aidin mai tururin nukiliya bayan tiyata ba.

Sista: Ni a ɗakin jinya abu biyu nake sa wa ido bayan tiyata: dishewar murya, alamar an taɓa jijiya, da jin yarr a leɓe da yatsu, alamar kalsiyam ya faɗi. Wannan a kira likita nan take.

Dakta: In an cire maƙoƙon gaba ɗaya, shan lebotairoksin ne, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da yake samarwa, har ƙarshen rayuwa. Da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira rabin awa zuwa awa kafin koko ko shayi da madara. Maganin ƙarin jini da kalsiyam a ba su tazarar awa 4, don suna hana shi shiga jini.

Sista: Da azumi fa, Dakta?

Dakta: Ta sha da ta farka, kafin ta ɗora sahur. In hakan ya gagara, sai lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin ƙarshe.