Shin Ambaton Sunan Ƙasa Ƙin Jinin Yahudawa Ne?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanku da zuwa. Tambayar da aka miƙo mini ita ce: don mutum ya furta sunan ƙasa kawai, ya ce Isra'ila ko Falasɗinu, za a iya cewa ya nuna ƙin jinin Yahudawa? Amsata a'a ce, amma kada ku yi saurin tafi.

Mu leƙa Jamus. A watan Agustan 1938 gwamnatin Hitler ta kafa doka cewa daga 1 ga Janairun 1939, duk Bayahuden da sunansa ba ya cikin jerin da hukuma ta ware musu, dole ya ƙara "Isra'ila" a sunansa, mace kuma ta ƙara "Sara". Ku kwatanta dattijo a gaban teburin ma'aikacin rajista, ana cusa masa suna a takardunsa kamar yadda ake ɗora wa saniya shaida da ƙarfe mai zafi. Sunan Annabi Yakubu ne fa, alaihis salam, wanda muke karantawa a Alƙur'ani. A lokacin ko ƙasar babu, sai a 1948 aka kafa ta. Sunan bai yi laifin komai ba, waɗanda suka liƙa wa mutane shi don a gane su a farauce su, su ne masu laifi.

Yau ma haka abin yake. Wanda ya tsaya a dandali ya ce Isra'ila ta yi ruwan bama-bamai a Gaza, maganar gwamnati da sojojinta yake yi. Amma wanda ya hangi yaro da 'yar hular Yahudawa a titin Landan, bai san shi ba, bai san ra'ayinsa ba, ya bi shi yana daka masa tsawa da sunan ƙasa, wannan yaron ya nufa, ba ƙasar ba.

A watan Mayun 2016, a Bukares, babban birnin Romaniya, ƙawancen ƙasashe masu tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, wato IHRA, ya amince da wata ma'ana ta ƙin jinin Yahudawa mai misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Takardar da kanta ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙin jini ba ne, amma ɗora wa dukkan Yahudawa alhakin abin da gwamnatinta ta aikata, shi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiki da ita. Kenneth Stern, lauyan Amurka da ya jagoranci rubuta ta, ya daɗe yana kukan cewa ana amfani da ita wajen toshe bakin mutane a jami'o'i. A 2021 masana kusan 200 suka fitar da Sanarwar Ƙudus don su ƙara bambance tsakanin sukar Isra'ila da ƙin jinin Yahudawa. Ni dai na fi karkata gare su, domin idan kowace suka ta zama ƙiyayya, ranar da ƙiyayyar gaske ta zo ba wanda zai waiwaya.

Kafin in zauna, mu ma mu duba bakinmu. Sau nawa ka ji an kira mugu ko marowaci "Bayahude" a kasuwa, kowa ya yi dariya? Mai faɗin bai ambaci wata ƙasa ba, galibi ma bai taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Na ga mai gabatarwa yana ta duba agogo, sai a kawo tambayoyi.