Idan Cocin Katolika ta ce ta karye, ina haƙƙin wanda aka zalunta?

Tun da labarin karyewar arzikin wasu dayosis na Cocin Katolika a Amurka ya yaɗu, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mana. Wai dayosis, wato hukumar coci-cocin yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ya je kotu ya ce arzikinsa ya karye, to waɗanda limaman coci suka yi lalata da su suna yara, nasu ya ƙare ke nan? A'a, bai ƙare ba. Sai dai akwai wata rana guda da ba a so ta wuce mutum, kuma ita za mu tsaya a kai.

Mu fara da tushen maganar a taƙaice. A Amurka, shari'ar laifi gwamnati ce ke shigar da ita, kuma ɗauri take nema. Shari'ar neman diyya kuwa wanda aka cuta ne ke kai ta da kansa, hujjar da ake buƙata ba ta kai ta farko tsauri ba, kuma ko limamin ya mutu ana iya kai ƙarar dayosis ɗin da ya sani ya yi shiru, ko ya sauya masa wurin aiki. Babban dayosis na Boston ya biya diyyar dala miliyan 85 a 2003. Na Los Angeles ya amince da miliyan 660 a 2007, ya ƙara miliyan 880 a 2024.

Abin da ya daɗe yana tare hanya shi ne wa'adin kai ƙara. Yaron da aka cuta yana ɗan shekara goma, sau da yawa sai ya yi furfura bakinsa ke iya buɗewa, lokacin kuma doka ta ce ya makara. Shi ya sa jihar New York ta buɗe wa waɗanda suka makara ƙofar kai ƙara daga Agustan 2019 zuwa Agustan 2021, Kalifoniya daga 2020 zuwa ƙarshen 2022, Maryland kuma ta soke wa'adin baki ɗaya daga 1 ga Oktoba 2023.

To ku lura da kwanan watan nan. Ranar 29 ga Satumba 2023, saura kwana biyu dokar Maryland ta fara aiki, babban dayosis na Baltimore, da ke jihar ta Maryland, ya shigar da takardar karyewa. Ni dai abin ya sosa min rai, domin mutane sun yi shekaru suna jiran ranar tsayawa gaban alƙali.

Ga abin da ake kuskure a kai. Wannan mataki, da ake kira Babi na 11 a dokar karyewar arziki ta Amurka, ba rufe coci yake yi ba. Ana ci gaba da ibada, makarantu na aiki. Abin da yake yi shi ne tsayar da duk ƙarar da ake yi wa dayosis ɗin, a tattara su gaban alƙalin tarayya guda. Alƙalin sai ya yanke ranar rufe karɓar koke. Kafin wannan rana, wanda aka cuta zai cike fom ɗin koke: suna, wuri, shekarar da abin ya faru gwargwadon abin da ya tuna, da irin illar da ya bar masa. Ana ɓoye fom ɗin daga idon jama'a. Daga nan kwamitin waɗanda aka cuta ya zauna da dayosis da kamfanonin inshora, a ja a ja har a tsayar da asusun da za a raba.

Wanda ya ji kalmar karyewa ya naɗe hannu, ya ce ai babu kuɗi, shi ne ke asara. Ranar na wucewa, ko dokar jiharsa ta ba shi sauran shekaru, haƙƙinsa a kan wannan dayosis na iya salwanta. Wani lokaci akan ware ɗan kaso don masu zuwa daga baya, amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

Akwai kuma shirin sasanci da wasu dayosis ke buɗewa da kansu, kamar wanda babban dayosis na New York ya fara a 2016. Ya fi sauri, amma duk wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu cewa ba zai sake kai ƙara ba. Kada a sa wannan hannu sai lauya ya karanta takardar. Galibin lauyoyin da ke irin wannan aiki ba sa karɓar ko sisi sai an ci nasara, kuma kotuna kan yarda mutum ya shigar da ƙara ba tare da an bayyana sunansa na gaskiya ba.