Ruwan goro ko ruwan lemo?

Anti: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ba doguwar gaisuwa, don tun Talata maganar nan ta cika mana guruf. Yaya, kai ka jawo, sai ka yi bayani.

Yaya: To. Shadda na ɗauka hoto, ruwan goro, a wayata ta fito tas. Ina ɗorawa a status sai ta koma kamar an wanke ta sau goma.

Auta: Ruwan lemo ce fa.

Yaya: Ruwan goro!

Auta: Wane goron? Fari ko ja? Wanda aka tauna ko wanda ke cikin huhu?

Anti: Auta, ka ƙyale yayanka.

Auta: A'a Anti, ko a Kwari ka ce ruwan goro, kala uku za a sauko maka da su.

Yaya: Huɗu ma. Ni dai kwana uku na yi ina fama. Na sauya ƙwan fitila, na fita tsakar gida da hantsi, har wayar maƙwabci na aro.

Anti: Kuma duk a banza, don WhatsApp matse hoto yake yi saboda ya rage cin data. Wanda yake son ganin ainihi, tura masa a matsayin fayil, shi ke nan. Ni ba ma wannan ya ƙona min rai ba. A kwana ukun nan, saƙo nawa ka bari ba amsa?

Yaya: Da ɗan dama.

Anti: Har da na mutumin da ke neman ankon abokan ango, yadi biyar-biyar. Shi bai ce kala ta koɗe ba, farashi ya tambaya. Da ya ji shiru ya yi gaba. Ana ga yaƙi kana ga ƙura! Kun tuna 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida, tun bayan la'asar har dare? Wasu suna ta kashe waya suna kunnawa. Ni littafin bashi na ɗauko, na bi lambobin kwastomomi ina kira ɗaya bayan ɗaya. Haka farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, ka tura kuɗi su maƙale a hanya. Wanda na sani, kaya nake ba shi in rubuta, alat ya shigo ko da gobe ne.

Auta: Wanda ba ki sani ba fa?

Anti: Ya zauna a benci mu jira tare, in sa a kawo masa zoɓo.

Auta: Shi kuma zoɓo ruwan me ne?

Yaya: Allah ya shirye ka.

Anti: Mun ce za mu kawo shawarwari uku ko? Lokaci ya ƙure. Yaya, ka kira mai ankon nan yanzu, ƙila bai saya ba. Sai mako na gaba.